Gidan Kaka a Lahore

"Kaka, riƙe ni da kyau, ga babur nan!"

Simrat ta janye kakanta Tarlok gefe, suka sake kutsawa wani lungu na tsohon birnin Lahore. Tun safe suke tafe, ana ta bangazarsu, hayaƙin masu suyar kifi na cika musu ido. Yana yaro ya gudu daga garin nan, lokacin da aka raba ƙasa. Ita kuwa ta yi alkawarin sai ta kai shi gidansu kafin ya bar duniya.

Gidan kuwa babu shi. Jiya ta zo ita kaɗai, ta tarar da shagunan takalma a wurin. Sai ta roƙi wata tsohuwa, Bibi Shamim, ta ara musu nata gidan, a ce wa Kaka shi ne nasu.

"Mun iso, Kaka! Ka gane shi?"

Tsohon ya jingina goshinsa da ƙofar, ya yi ta kuka.

"Shigo mana, ɗan'uwa, ai gidanka ne," in ji Bibi Shamim.

Simrat ta shiga ciki ɗauko shayi, hankalinta ya kwanta. Tana dawowa ta jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na gode, 'yar'uwa. Namu gidan a kan idona aka cinna masa wuta, mahaifiyata tana ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Don Allah ki bar yarinyar nan ta yi zaton ta kawo ni gida."