Ta Kada Ko Ta Jimina

"Miƙo ƙafar, samari," in ji Baba Taha baduku, yana shimfiɗa fatu uku a kan tabarma.

Munzali ya miƙa. Tsohon ya auna ta da zare, ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ɗaga fatar farko.

"Wannan ta kada ce, daga Chadi. Ga kyau, amma zafin Makka fasa ta yake yi. Ta mesa kuwa sai ɗan gayu, ba ta ƙarko. To taɓa wannan ka ji." Ya shafa ta kamar kan jariri. "Jimina ke nan. In na ɗinka maka dogon takalmi da ita, wallahi har jikanka sai ya gada."

"A yi min da ita, Baba."

"Tayyib, ka dawo shagon nan ranar Alhamis. Ka san ƙafarka sak irin ta ɗana? Ya yar da ni, ko leƙowa ba ya yi. Kai ɗan wane gida ne a nan unguwar Nakkasa?"

"Baƙo ne ni, Baba."

Munzali ya zauna har barci ya kwashe tsohon. Ya gyara wa mahaifinsa filo, ya tattara fatun uku da shi da kansa ya yanko daga rigar tsohuwar kujerar mota. Shagon kuwa, tun da aka rushe layinsu ko tubalinsa babu.

Matarsa Suhaila ta leƙo daga kicin. "Yau Baba ya gane ka?"

Ya girgiza kai. "Ƙafata kawai ya gane."