Mai Wankin Kyaftin

Ana saka gawar ɗan Kyaftin a kabari, wata mata ta warware gashinta, ta ɓarke da kukan makoki irin na mutanen ƙasar Ailan, tana tafa hannu tana kiran kakanni. Hafsoshin Amurka suka dubi juna.

"Kyaftin, wannan fa?" in ji kanar.

Shekara da shekaru yana ce musu mai wankinsa ce. Ya maimaita, idonsa a ƙasa.

Ta ji shi sarai, amma sai da ta kai ƙarshen makokin, sannan ta juya gare shi.

"Auta, an binne shi kamar ɗan gidanmu. Bari in je, rigunanka suna jiƙe."

Ya kasa ɗaga kai. Yayarsa ce, wadda ta goya shi har cikin jirgin ruwan da ya kawo su Amurka daga Ailan.