Geron Ramin Tururuwa

Na ji ka ce an riga an gama da ku, ba sauran abin da zai tsiro. To gyara zama, ɗana, in ba ka wani misali. Ni kaina duk sanda na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

A wata ƙasa an yi dogon yaƙi. Da ƙura ta lafa sai wani soja ya haye mulki, ya ce daga yau shi ne uwa shi ne uba. Ya sa aka yashe rumbuna kakaf, har da irin shuka, aka kwashe zuwa sitonsa. Gona kuwa auduga kawai za a shuka, duk wanda aka ga karan hatsi a gonarsa ya kuka da kansa. Abinci sai an bi layi da kati a hannu, a auna wa kowane gida ɗan gwangwani na wani ɓarzajjen hatsi mai warin buhu. Da gangan ake ɓarza shi, don mutumin ya san ɓarzajje ba ya tsirowa, kuma wanda cikinsa ke hannunka ba ya ɗaga maka murya. Mugu dai ba ya rasa dabara. A cikin wannan hali wata yarinya ta tashi tare da uwarta da ƙanenta, uban ya tafi yaƙin bai dawo ba. A layi ta yi wayo, a layi ta yi famfara. Ba ta taɓa ganin ƙwayar gero da idonta ba, a zatonta abinci daga gwangwani yake fitowa kamar yadda ruwa ke fitowa daga rijiya.

Shekarar da aka rage awon, ƙanen ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura. Mata suka koma wa dabarar kakanni ta lokacin fari, wato tonon gidan tururuwa, don tururuwa takan tara 'ya'yan ciyawa a ƙarƙashin ƙasa. Yarinyar ta saɓi guntuwar fartanya ta bi wani jerin tururuwa da ya fito daga gindin katangar sito ya miƙe can cikin wata saura da aka daina nomawa. Ta yi ta tono suna cizonta, har ta tarar da taskarsu, ɗaki-ɗaki a share tsaf. Ta kwaso ta kai gida. Tana cikin sheƙewa sai ta riƙa tsince wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan toka tana yarwa, ta ɗauka tsakuwa ce. Uwar ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta ciza, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Can ta ce, "'Yar nan, gero kike zubarwa." Ka ji ikon Allah. An sa bindiga an tsare ƙofar sito, an caje kowane ɗan adam har cikin hularsa, ashe tururuwa na ta jigila ta tsakanin takalman masu gadi, ƙwaya ɗai-ɗai, ba wanda ya tambaye ta kati.

Geron da suka tsince bai wuce cikin tafi ba. In an dama, kunun yini guda ne ga yaron da ke kwance. In an ajiye, sai an jira ruwa, ga shi damina da saura, ba kuma wanda ya san ko yaron zai kai. Uwar ta daka 'ya'yan ciyawar ta dama masa, geron kuwa ta ƙulle shi a haɓar zanenta. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce uwarta ba ta da imani. Haka uwar ta yi ta yawo da abinci a ƙugu tana jin nishin ɗanta, kullum ta kai hannu ta taɓa ƙullin, ta janye. Wallahi ni da nake ba ka labarin ban san ko zan iya ba.

Ruwa ya sauka da sauran numfashi a jikin yaron. Suka shuka geron a wani kango da yaƙi ya rusa, inda ko masu sintiri ba sa son leƙawa. Rabi bai fito ba. Tafasa da rama suka riƙe su har sauran ya yi kai. Ranar da yarinyar ta shiga kangon ta ga gero ya fi ta tsawo, kowace zangarniya ɗauke da ƙwayoyin da ba su ƙirguwa, sai ta tsaya ta kasa motsi, tsoro ma ya kama ta. Ba ta taɓa sanin ana ba ƙasa ƙwaya ɗaya ta mayar da dubu ba. Da wannan geron aka dama wa yaron kunun da ya miƙar da shi. Sauran uwar ta raba wa maƙwabta a ɓoye, kowa zangarniya guda a cikin riga. Kafin 'yan shekaru ba kangon da ba ya fitar da gero, layi ya yi ta raguwa, mai mulki na ta bincike ya rasa ta ina aka ɓullo masa. Yaron da aka fid da rai da shi kuwa, shi ya zama babban manomin yankin.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.