Rufin Kwano a Maroala

Da guguwar teku ta gama da kudu maso gabashin Madagaska, Saholy ta wayi gari da jirgin ruwa ɗaya da garuruwa biyu.

Ita aka ɗora wa haɗa kan ƙungiyoyin agaji: ta duba ɓarna, ta faɗi inda buƙata ta fi tsanani, kowa ya bi. Jirgin yana ɗauke da shinkafa da maganin gudawa da na tsabtace ruwan sha. Befasy tana bakin wani kogi, Maroala tana bakin wani, kuma matuƙin ya ce ruwa yana janyewa. Kogin da ba a shiga a makon nan ba, sai dai mutanensa su jira gyaran gada. Waya ta mutu, hanya ta koma taɓo. A wannan aikin, wanda ba a gani ba ba a ba shi.

Sojoji suka ara mata jirgi mai saukar ungulu, da man zagaye ɗaya, ba sauka. Ta tafi da Dakta Fidy, ɗan babban birni irinta, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko a gidan makoki.

Befasy suka fara gani. Bukkoki kwance kamar an taka kwando. Mutane sun hau tudu suna kaɗa zannuwa, yara suna bin inuwar jirgin da gudu.

A Maroala ma bukkokin sun zube. Amma can bayan gari, inda dā kurmi ne kafin iska ta zage itatuwan tas, sai ga wani dogon gini na siminti tsaye daram, kwanonsa yana ɗaukar ido. Maza a kansa suna buga ƙusa. An kayar da sa ana fiɗa. Wasu kuma bibbiyu suna shigar da dogayen ƙunsuna na tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Mata suna zaune nesa, kai a sunkuye. Ba wanda ya ɗaga wa jirgin hannu.

"Ranki ya daɗe, waɗannan ai su ya kamata su ba mu agaji," in ji Fidy. "Ga nama, ga rumbu, ga rufi. Ki sa a sauke ni nan, tun jiya biskit nake ci."

Saholy ta ce ginin ba shi da taga ko ɗaya.

"Rumbu da taga? To ki aika wa ɓeraye goron gayyata mana."

A taron da aka yi bayan sun dawo, ta faɗi abin da ta gani: Maroala tana da mafaka mai ƙarfi, da abinci a ajiye, da maza masu aiki. Befasy ba ta da komai. Wata ma'aikaciya ta tambaya ko an ji ta bakin wani ɗan garin. Saholy ta ce babu, kuma ruwan kogi ba zai tsaya jiran a nemo shi ba. Jirgin ruwa ya nufi Befasy.

Kada wani ya ce matar nan raguwa ce ko marar tausayi. An ceci rayuka a Befasy, har yau suna sa mata albarka. Ido ne kawai take da shi, ido kuwa ba ya ganin abin da bai sani ba.

Ginin nan ya tsaya mata a rai. Duk taron da ta shiga sai ta ba da misali da shi, har masu ba da tallafi suka yi alkawarin gina irinsa a kowane ƙauye na bakin teku. Da aka gyara gada, ita ta fara hayewa, da niyyar auna shi.

Ta sami garin shiru. Wani dattijo mai suna Tsimijaly ya shimfiɗa mata tabarma, ya ba ta haƙuri cewa babu shinkafar da za a dafa wa baƙuwa. Ya ce ambaliya ta shiga rijiyoyi, gudawa ta fara da yara, ta bi iyayensu mata. Ya ce sun yi zaman jira a bakin kogi, har sun ji ƙarar injin jirgi yana hawan ɗaya kogin. Bai faɗa da zafi ba. Kamar labarin wani gari yake ba ta.

Ta tambaye shi abin da ya hana su buɗe rumbu. Bai gane ba. Ta miƙa hannu tana nuna masa ginin, sai tsohon ya yi wuf ya kama yatsanta ya lanƙwashe shi.

"'Yata, ba a nuna wurin nan da yatsa."

Ya ce iska ta yaye rufinsa, shi ne suka tattara duk kwanon da ya rage a garin, har na makaranta, suka rufa masa, suka yanka san da ya rage musu. Mutum ba ya rufe ɗakinsa iyayensa suna cikin ruwa. Hannu kuwa kunya ce ta hana su ɗagawa, domin tun zamanin kakanni kurmi ya ɓoye wurin, baƙo bai taɓa ganinsa ba sai ranar.

"To tabarmin da kuke ta shigarwa fa, Baba? Ba shinkafa ba ce?"

Ya juyo gare ta, ya ce:

"Ranar da kuka wuce, waɗanda guguwa ta kashe muke shigarwa. Waɗanda suka jira jirginku ma duk suna ciki yanzu. Kabarin danginmu ne, 'yata, shi kaɗai muke ginawa da siminti."