Kujerar Bakin Rami

"Wai matar nan ta ranar Lahadi lafiya kuwa?" mai ganga ya tambayi mai jita, suna gyara zama a ramin makaɗa, ƙarƙashin dandalin wasan kwaikwayo a garin Branson na Amurka. "Kwana biyu kujerarta ba kowa."

"Wace mata?"

"Haba dattijo! Mai jar hula mana, ta bakin rami. Kowa na kallon 'yan wasa, ita ƙeyarka take kallo."

Ya duƙufa kan gyaran tsirkiya. Jitarsa irin ta kwance ce, mai ƙafafu kamar tebur: hannu na jan guntun ƙarfe bisa tsirkiya, ƙafa na taka feda, gwiwa ma da nata aikin. Wanda ya ɗauke ido, sauti ya kuɓuce masa. Shi kuwa bai taɓa ɗaga kai ba, abin alfaharinsa ke nan.

Har gori yake yi wa matarsa: "Shekara da shekaru ina sa ƙarfe kuka, baƙi na share hawaye, ke ko sau ɗaya ba ki zo ba."

Takan yi murmushi ta ce, "Ka tabbata?"

Ya ɗauka zolaya ce.

Jar hular matar tasa tana rataye a bayan ƙofarsu tun ranar da aka binne ta.

Aka ɗaga labule. Da aka zo waƙar rabuwa, inda jitarsa ke kuka, sai ya ɗaga kai. Sautin ya kauce, shugaban makaɗa ya harare shi.

Ashe kujerar, ko hannu ya miƙa zai taɓa ta.