Yajin Jego da Babbar Riga

Tanimu, taubashina, bawan gidanmu, wato ni za ka dubi tsabar idona ka ce jakarka ta hannu ba ta da wurin ɗan ƙullin da zan aika wa 'yata? Ni, da ko sarkin tasha ya gan ni da saƙo sai ya miƙe ya karɓa da hannu biyu? Ba komai, na haƙura, dama mai farin jini ba ya rasa mahassada. Amma ajiye makullin motar nan ka zauna, in ba ka misali kyauta, ko da yake irin nawa ba a samunsa a kasuwa.

An yi wani mutum, ɗan ƙwalisa na gaske, ya kusa kamo ni amma bai kai ba. Tafiya da jakar hannu ita ce abin taƙamarsa. In jirgi ya sauka, mutane sun yi cirko-cirko suna jiran akwatunansu, shi sai ya ratsa su yana kaɗa 'yar jakarsa kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Yana da ƙanwa da ta bi mijinta wata ƙasa can bayan teku, ba da son ran mahaifiyarsu ba. Tun daga ranar tsohuwa ta ɗauke mata wuta: in ƙanwar ta kira waya, daga "lafiya lau" sai "sai an jima". Da ƙanwar ta yi haihuwar fari, shi dangi suka wakilta ya je suna. Ya yanki shadda, aka yi mata aiki har ƙasa, ya kai wa mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido, aka ninke ta kari a kan kari. Ana gobe tafiya, tsohuwar nan da ta daɗe ba ta ɗaga taɓarya ba saboda ciwon kafaɗa ta sa aka fito mata da turmi, ta hana kowa ya kama mata. Citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono da daddawa, tana daka tana hutawa, har ta haɗa yajin jego, ta tankaɗe, ta ƙulle, ta miƙa masa. Ba ta ƙara komai a kan "Ka kai mata" ba. Kai ma ka san iyayenmu, ba sa cewa "na yafe" da baki, da turmi suke faɗa.

A filin jirgi aka ɗora jaka a sikeli, ta yi nauyi. Aka ce ya rage, ko kuwa ya ba da ita a sa cikin kaya. Ya ba da jaka, ya je ya tsaya jira kamar kowa? Allah ya kiyaye! Da ni ne, wallahi sai in zura babbar rigar a wuya in wuce ina baza hannu, tunda ba a taɓa ɗora fasinja a sikeli ba. Amma ba kowa Allah ya ba kai irin nawa ba. Shi tsoronsa kada kari ya ɓaci kafin ranar suna, ga shi kuma da ya buɗe jakar ya ji daddawa ta fara yi wa shadda turare. Ya auna riga a hannun dama, ƙulli a hannun hagu, ya ce a ransa ai yaji ne, ko a can ba za a rasa barkono ba. Ya miƙa wa wata mai shara ƙullin, ta yi ta sa masa albarka, ya wuce da jaka sakayau.

Ranar suna kuwa ya haska, har maƙwabta suna leƙowa ta taga. Da baƙi suka watse mai jego ta kira shi ɗaki. Ta dubi jakar, ta dubi hannunsa, ta ce, "Yaya, Inna ba ta ba ka komai ba?" Mutum cikin riga irin wannan, ya buɗe baki ya ce ya ba mai shara? Sai ya ce, "Tana gaishe ki." Ta ce tana amsawa, ta juya tana gyara wa jariri kwanciya. A wurinta magana ta ƙare: uwar da ba ta aiko da yaji a haihuwar fari ba, ta cire 'yar daga ranta ke nan. Ta daina kira. Can gida tsohuwa ta kasa kunne, tana jira a ce saƙo ya iso, kimba ta ji ko ba ta ji ba. Shiru. Ba ta tambaya ba, don uwa ba ta roƙon godiya. Shi kuma yana tsakani, kullum gobe zai warware zancen, tafiya ta gaba zai kai mata ninki biyu. Kafin tafiya ta gaba, tsohuwa ta yi tata tafiyar, wadda ko jakar hannu ba a riƙewa.

Sai a zaman makoki ya iya faɗa wa ƙanwar gaskiya. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, tambaya ɗaya ta yi: "Da hannunta ta daka?" Ya ce da hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau tana kiransa Yaya, tana gaishe shi da ladabi, kuma ya ce da ta mare shi a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

To ka ji, Tanimu. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.