Ranar da Marai Suka Yi Shiru

Ɗana, tun da ka nuna mini madubin hangen nesan nan ka ce kallon tsuntsaye za ka fara, wani misali yake ta zo mini a rai. Kallon halittar Allah abu ne mai kyau, ban hana ka ba, amma saurara. An yi wani malamin makaranta da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, sai 'yarsa ta kawo masa irin madubin nan da wani littafi mai hotunan tsuntsaye. Kullum da hantsi yakan tafi fadama ya zauna gindin wata giyayya a bakin ruwa, in ya ga tsuntsu ya duba littafi, ya rubuta sunansa. Zalɓe, dinya, shamuwa, duk ya rubuta. Gauraka kaɗai ya rage masa, wanda rabonsa da gani tun yana yaro. Abu ɗaya ke ɓata masa rai: giyayyar nan cike take da sheƙar marai, tsuntsayen nan masu saƙa gida kamar ƙaramin kwando, kuma bakinsu ba ya hutawa. Shi kuwa ya karanta a littafi cewa mai kallon tsuntsu shiru yake nema.

Wata safiya ya zo ya tarar da wurin tsit. Rana tarwai, babu iska ko kaɗan, amma sheƙunan suna ta lilo a kan rassa, babu marai ko ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi, yau dai an samu lafiya. Ya jingina da itacen, ya ɗora madubi a ido, ya hanga ƙetaren ruwa. Sai ga maran can gaba ɗaya, jere a kan wani busasshen reshe, ba sa kiwo, ba sa motsi, kowanne ya juyo da fuska wajensa. Har zalɓen da ke cikin ruwa ya daina neman kifi, ya miƙe wuya yana dubansa. Ya ce a ransa sabawa suka yi da shi. Wasu mata masu tonon bado, waɗanda kullum ta gefensa suke wucewa, ranar nan sai suka yi nesa suka kewaye. Babbarsu ta tsaya ta ɗaga murya: "Malam! Taso daga nan, kada ka ɗaga kai!" Ko sauke madubin bai yi ba, ya yi mata hannu alamar ta yi shiru, kada ta kore masa tsuntsaye. Can sai wani abu ya faɗo a kan takardarsa, ɓawon ƙwai ne, da danshinsa. Wani ya sake faɗowa. Ya sauke madubin, ya ɗaga kai. Gamsheƙa ne baƙi ƙirin, ya naɗe reshen da ke bisa hularsa, ya fasa kai. Tun kafin zuwan mutumin yake nan yana bin sheƙa ɗaya bayan ɗaya, shi yake sa su lilo, shi kuma tsuntsayen suke kallo. Kafin ya ƙifta, macijin ya fesa masa dafi a ido.

Matan nan ne suka ja shi bakin ruwa, suka yi ta wanke masa ido, yana salati, babbar tana faɗa: "Haba Malam, itacen marai ya yi shiru da hantsi, kai kuma ka je ka zauna a gindinsa? Ko jikata ta san wannan!" Aka kai shi asibiti. Allah da ikonsa, idon hagu ya dawo, na dama ya tafi ke nan.

To ka je ka yi kallonka, Allah ya tsare. Amma kafin ka buɗe littafi, gai da waɗanda ka tarar a bakin ruwan, ka tambaye su abin da tsuntsayen wurin suke faɗa. Mutumin nan da rana tarwai abin ya same shi, da madubi a hannunsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.